Ƙararrawar Nomau Ranar Miƙa Mulki

Ni ne Nomau mai ƙararrawa. Duk wanda ya zauna a Sabon Gari ya ce bai san aikina ba, to kurma ne. Ban taɓa shiga aji ba, amma masu digiri sun yi ta daidaita agogonsu da hannuna.

Ƙararrawar majami'armu a jirgin ƙasa ta zo daga Ikko, ina saurayi ɗan dako a tasha. Ƙarti sun taru sun kasa ɗaga ta, sai da na sa kafaɗa. Fada na lokacin, wani Bature mai jan wuya, ya dube ni ya ce in biyo shi. Na biyo ƙararrawa, ban koma tasha ba. Ma'aikatan reluwe ne suka gina majami'ar da hannunsu bayan an tashi aiki, Ibo da Yarbawa da mutanen Binuwai da mu tsirarun Hausawa, kowa da bencinsa da waƙarsa. Asuba, tsakar rana, da ƙarfe shida na yamma, ni nake kiran su addu'a. Zazzaɓi bai taɓa hana ni ba. Ranar da na binne matata ma na buga.

Amma akwai abin da baƙo bai sani ba. A unguwarmu, in ƙararrawa ta yi ƙara ba a kan lokacinta ba, ma'anarta guda ce: an taso, kowa ya yi ta kansa. Ba wanda ya rubuta wannan doka. Shekarar babban gudu ce ta kafa ta, da ni kaina na buga mutane suka kwarara tasha, aka bar ni da bencuna babu kowa, ina buga wa ƙadangaru har aka gama yaƙin basasa. Daga baya wani sabon Fada ya sa aka buga don murnar ɗaurin aure, da hantsi. Kafin a ce me, an rufe shaguna har bakin Fagge, samari sun fito da adduna, an tattake wata mai ciki a ƙofar kasuwa. Tun ranar ba wanda ya ƙara taɓa igiyar sai ni.

To, ranar Asabar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ina ƙarasa bugun tsakar rana igiya ta tsinke daga can sama ta zubo mini a ka. Matakalar katakon hasumiya gara ta cinye ta, an cire. Sai dai ga dogon tsanin Lateef mai fenti a jingine a ciki, don kwamiti sun ɗauke shi ya wanke mana bango kafin sujadar godiya ta Lahadi. Da safe mun gaisa.

"Baba Ƙararrawa, yau soja za su tafi," in ji shi.

"Na ga tafiyarsu, na ga dawowarsu. Kai dai shafa fentinka."

"Kar dai ka hau min tsani. Fada ya ce in ka hau, ni zai kama."

"Ina hawa nan ubanka bai san hanyar Kano ba."

Fada ya hana ni hawa, gaskiya ne, wai na tsufa. Shi ya sa ban gaya wa kowa ba. Na haye kamar biri, na shiga ɗan ɗakin ƙararrawa, na ja murfin katako na rufe don kada a gan ni, na hau kwance guntun igiyar da ya saura. Ƙullin ya yi tauri, ya ɗauke mini hankali. Da na gama na ɗaga murfi, babu tsani. An kuma jawo ƙofar ƙasa.

Na leƙa ta tsagar bango. Ga Lateef can a titi, ya ɗaure tsaninsa a baro, yana turawa wajen unguwar Kwaciri yana fito da baki. Na ƙwala masa kira har wuyana ya yi zafi. An ɗauke wuta, an tayar da janareta a gindin hasumiya, jama'a duk sun cika zauren taro suna kallon rantsuwa a talabijin. Muryar zaki ma ba za ta wuce wannan ruri ba, balle tsagar da ko kaina ba ya shiga. Na tura hulata waje, na ce wani zai gani ya ɗaga kai. Ta faɗa kan rufin majami'a ta zauna.

Ɗakin bai kai tabarma biyu ba, ƙararrawa ta cinye rabi. Ba a miƙewa tsaye. Kwanon rufi yana taɓa ƙeyata, ga ranar ƙarshen bazara, ruwa ya ƙi sauka. Kashin jemage ya dahu yana tashi. Na zauna na ce, Nomau, ka kwana cikin kwata ana harbi a kanka, wannan ai wasa ne. Da aka kira azahar daga masallatan Fagge, rigata ta jiƙe sharkaf. Da aka kira la'asar, ta bushe, ni kuma na daina gumi. Na san abin da wannan ke nufi. Na ga 'yan dako sun faɗi a tasha da irinsa, ba duka suka tashi ba.

Ga ƙarfen bugu yana rataye a gaban hancina. In na kama shi na kaɗa sau ɗaya tak, kafin ƙarar ta mutu an zo an sauke ni. Na ɗora hannu a kansa. Sai na sake leƙawa. Tun mako guda ake raɗe-raɗi wai soja ba za su sauka ba, wai za a yi abu. Manyan motocin kudu suna jere a tasharsu, direbobi ba su yi nisa ba. Kasuwa a buɗe take, amma rabin ƙofa kowa ya buɗe. Ina hango mata da goyo a layin masu kifi, da 'yan acaɓa cunkushe a mararraba. Gari kamar busasshiyar ciyawa, ni kuma ashana a hannuna. Na janye hannu na zauna a kansa, don ban yarda da shi ba.

Janareta ya mutu da yamma. Na buɗe baki in yi kira, iska ce kawai ta fito. Ina ji jama'a suna fita daga zaure suna dariya, mata 'yan zumunta suna gardamar wa zai kawo doya wa zai kawo kaji gobe, 'yan mawaƙa suna gwada murya. Duk na san su, wasu ni na buga ranar baftismar iyayensu. Suka wuce ta ƙarƙashina ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɗaga kai. Wa ke kallon hasumiya? Saurarenta ake yi.

Inuwar hasumiya ta kai bakin rijiyar majami'a, na san shida ta yi. Yanzu ina da ikon bugawa, ba mai gudu. Na yunƙura na kama ƙarfen, sai na tsaya. In na buga daidai, kowa zai ce Baba yana bakin aikinsa, ya yi addu'a ya tafi gida, a kulle ƙofar waje. Gobe gawa za su sauke. In kuwa na yi shiru, wani zai zo ya ga dalili. Amma ni Nomau, da rai, da hannu a kan ƙarfe, in bar shida ta wuce? Bindiga ba ta sa ni haka ba. Na riƙe ƙarfen gam don kada ya motsa, na sunkuyar da kai. Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani, na fi jin zafinsa da zafin kwano.

Can sai ƙofar ƙasa ta buɗe da ƙarfi. Obiageli ce, uwar zumuntar mata, haifaffiyar layinmu, bakinta ya fi reza.

"Baba Nomau. In ka mutu ka faɗa mana mu san abin yi. Tuwo ka tafi ci, ko farar hula ce ta ba ka hutu?"

Na cire takalmi na sake shi ta ramin murfi. Ya sauka a kan ɗankwalinta. Ta ɗaga kai ta gan ni, sannan ta fita da gudu. Ta dawo da ɗanta Obinna makanike, da tsani biyu da suka ɗaure da waya. Ya hawo da ruwa a gora. Na sha, na amayar, na sake sha.

"Tun yaushe?" Obiageli ta tambaya daga ƙasa.

"Tun tsakar rana," na ce da 'yar muryar da ta dawo.

"Da ƙararrawa a gabanka? Ai sai ka taɓa ta sau ɗaya, tsohon nan."

"Da kin zo nan, ko da kin nufi tasha?"

"Kayana a ɗaure suke tun Laraba," in ji ta a hankali.

Obinna ya ce in hau bayansa. Na ce ya dakata, akwai bugun da ban yi ba, na miƙa hannu ga ƙarfen. Ya kama wuyan hannuna, ya dubi uwarsa. A daidai nan ladanin farko ya ɗaga murya daga Fagge.

"Magariba ta yi, Baba," in ji Obiageli. "Lokaci ya wuce. In ka buga yanzu, ka san abin da ka buga."

Na sani. Na saki. Ya goya ni kamar jariri muka sauko, ƙafa ɗaya ba takalmi.