Layin Fensir a Bangon Banɗaki

Tun ranar da mai tayil ya shigo gidan Mama ban yarda da shi ba. Mutum ne mai sanyin magana, ni kuwa duk ma'aikacin da ya cika "ba komai, Hajiya", zuciyata takan ce mini akwai komai.

Wata uku ke nan da Mama ta zame a baho ta tsage ƙashin ƙugu. Na baro miji da yara a wani gari na tare a wurinta, a hawa na biyu na wani bene, inda take zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba. Kullum da hantsi ni nake yi mata wanka. Likita ya ce in dai za ta koma yi da kanta, sai an fitar da bahon nan, a mayar da banɗakin fili ɗaya: ba tudu, ba abin tsallakawa, ruwa ya zuba a ƙasa ya gangara magudana da kansa. Na ce wa Mama, "Ana gama banɗakin nan kin huta da ni, ni ma in koma gidana." Ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Kwana biyu mai tayil ya yi yana awo. Ya ɗora katakonsa na auna gangare, mai ƙwayar ruwa a tsakiya, ya tsuguna, ya tashi, ya zana wurin magudana da alli. Ni kuwa ina bayansa da tambaya. Me ya sa magudana a lungu, ba a tsakiya ba? Ya ce don kada ƙafar sandar Mama ta faɗa ciki. Ina za a sa wurin zama? Ya ce a jingine da bango, ƙarƙashin shawa, da ƙarfen riƙewa a gefe, yadda za ta yi komai ba sai ta kira kowa ba. Mama tana zaune a falo tana jin mu.

Aka fasa, aka fitar da baho, aka yi daɓe mai gangare. Ya shafe ƙasa da gindin bango da wani shuɗin fenti mai kauri, wai shi ke hana ruwa ratsawa. Da ya bushe sai ya ce saura gwaji kafin a sa tayil ko ɗaya. Ya toshe magudana da roba mai zobe a ka, ya tare bakin ƙofa da katako, ya tara ruwa har ya kai idon sawu. Sannan ya ja layi da fensir a bango, daidai inda ruwan ya tsaya.

"Gobe war haka in ruwa na kan layi, aiki ya yi," in ji shi. "In ya sauka, akwai inda yake yoyo."

Muka koma amfani da ƙaramin bayin da ke kusa da kicin. Washegari ya zo muka leƙa tare. Ruwa ya sauka da faɗin yatsa guda.

Na ce, "Ai ka gani! Shafi nawa ka yi?"

"Biyu, Hajiya."

"Biyu a baki ko biyu a ƙasa?"

Ya yi murmushi, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya sauke ruwan, ya jira ƙasa ta bushe, ya ƙara shafi a kusurwoyi, wannan karon ina tsaye a kansa ina ƙirga yawan tsoma burushi. Kwana huɗu suka tafi a haka. Maigidana ya bugo waya yana tambaya ko auren gidan Mama na yi, autarmu kuma ta karɓi wayar ta ce ba wanda ya iya yi mata kitso. Na ajiye wayar raina a jagule.

Gwaji na biyu, na ja nawa layin da biro a gefen nasa, don na soma zargin ko dama ya ɗaga fensirinsa ne don ya ja kwanaki. Da la'asar na fita kemis sayo maganin Mama, na dawo. Washegari ruwa ya sauka, a layinsa da nawa duka.

Ranar kam na sauke masa kwandon masifa. Na ce gwangwanin fentin ma waye ya san ko ruwa ya ƙara masa. Na ce an faɗa mini irinsu, su lalata aiki su ce gini ne tsoho. Na ce ya kwashe kayansa, zan nemo wani.

Bai musa ba. Ya ce, "Kafin in tafi, Hajiya, mu sauka ƙasa wurin maƙwabcinku. Ruwan da ya ratsa daɓe ba ya ɓacewa, sai ya fito a wani wuri."

Maƙwabcin, tsohon malamin makaranta ne, ya buɗe mana banɗakinsa yana cewa in dai ba haya muka zo nema ba, bismillah. Mai tayil ya hau kujera ya shafa silin da tafin hannu, lungu-lungu. A bushe ƙayau, har da yanar gizo-gizo da ba abin da ya taɓa ta.

A kan matakala ya tsaya, ya rage murya. "Hajiya, daɓena ba ya yoyo. Buɗe magudanar ake yi, a bar ruwa ya tafi kaɗan, a mayar."

"Wa zai buɗe? Daga ni sai tsohuwar da ba ta iya sunkuyo. Ko ni kake nufi?"

"Ni ban ce kowa ba."

"To ka faɗa mana!"

"Ba huruminna ba ne. Amma fentin nan, in ya kwana a ruwa, yakan ɗan kama abin da aka dangwala masa."

Ya tafi ya bar ni da wannan. Na shiga gida ina huci, ina cewa a raina yanzu kuma sharri zai ƙulla wa mutanen gida. Mama tana gyangyaɗi a kujera, sandarta jingine a gefe. Ban san abin da ya kai idona ba. Robar ƙasan sandar ƙalau take. Sai na dubi kan, wurin da ya lanƙwasa inda ake riƙewa. A cikin lanƙwasar akwai ɗan shuɗi.

Na ɗauki sandar na je bakin ƙofar banɗaki, na juya ta, na miƙa hannu. Lanƙwasar ta shiga zoben robar kamar don shi aka yi ta. Ko sunkuyo ban yi ba.

Da na juyo, idon Mama biyu, tana kallona.

"Mama, mene ne wannan?"

"Sanda ce."

"Mama, don Allah. Na ci mutuncin bawan Allah a banza, na mayar da shi macuci."

Ta daɗe tana gyara bakin zanenta a kan gwiwa. Sannan ta ce, "Minti ɗaya kawai nake ɗagawa, in kin fita. Na ga kin soma ninke kayanki a jaka."

"To ai don ki samu sauƙi ake yin aikin."

"Na sani. Na ji shi yana cewa zan yi komai ba sai na kira kowa ba." Ta ɗago ta dube ni. "Shekara shida ina yin komai ba na kiran kowa a gidan nan. Sai da na karye aka cuɗa mini baya."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na zo da faɗa cike da bakina, sai kunya ta kama ni, da tausayi, da haushin kaina, ni da na zargi fenti da fensir da burushi amma ban taɓa duban fuskar uwata ba in ana maganar ranar gamawa.

Da yamma na kira mai tayil na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Hajiya, kuma wannan karon na yarda ba komai ɗin yake nufi. Na ce akwai abin da nake so a canza a tsarin: wurin zaman nan, a janye shi daga bango, a bar wurin tsayuwar mutum ɗaya a bayansa.

"Zai ci fili," in ji shi.

"Ya ci."

Ban yi wa Mama alkawarin zama ba, don ba zan iya ba, ita ma ta sani. Na ce duk bayan mako biyu zan zo, kuma wankan ranar nawa ne, ko ta warke har tana gudu. Ta ce, "Za mu gani," irin ta wanda ya sha jin alkawari.

Ya sake tara ruwa, ya ja sabon layi. Mama da kanta ta miƙo mini sandar ta ce in ajiye a ɗakina in zan fita. Na ce ta riƙe abarta.

Washegari tun kafin ya iso na je na tsuguna a bakin ƙofa. Ruwa na nan a kan layi, ko gashi bai sauka ba. Na daɗe ina dubawa ko zan ga ya ragu ko da kaɗan ne. Daga falo Mama ta ɗaga murya ta ce, "Ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Mama."

Ta ce, "To, ki ƙarasa ninke kayanki."