Ruwan Ɗauraya

Sau biyu a mako famfon unguwar yake kawo ruwa, wani makon ma sau ɗaya. Tun da rani ya yi nisa Tela yake kallon bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gidansu tana sunkuyar da ganye. Babansu ne ya dasa ta shekarar da ya gina ɗakin ƙarshe. Tun rasuwarsa an sake kwano, an sake ƙofa, an shafe bango da sabon fenti. Ita kaɗai ta rage yadda ya bar ta, kuma a ƙarƙashinta Inna take shimfiɗa tabarma.

Dabarar ba tasa ba ce. A rediyon shago ya ji ta, yana kan keke yana ɗinka aljihu: ruwan ɗauraya ba na kwata ba ne, a tara shi a ba shuka. Da yamma ya shigo da shuɗin bokiti ya dire shi a bakin rariya.

"Daga yau duk ruwan ɗauraya nan za a zuba," ya ce.

Inna ta dubi bokitin, ta dube shi. "Ubanku tsofaffin ƙusoshi yake tarawa. Kai kuma ruwan datti ka gada."

Auta, ƙanwarsa, wadda ke gyaran gashi a ƙaramin ɗakin bakin ƙofa, ta leƙo da mataji a hannu. "Yaya, bar ni da shi, ni zan riƙa cika maka. Amma idan ta yi 'ya'ya rabi nawa ne."

"Na ji."

Inna kwana biyu ta yi tana zubawa, sai ta manta. Shi kuwa wuni yake a shago. Amma kullum ya dawo sai ya tarar da bokitin cike, har da murfi a kai saboda sauro. Ya ɗauka ya juye a gindin bishiyar, ya tsaya yana jin yadda ƙasa ke zuƙewa. Mako biyun farko ganyen ya ɗago. Bai gaya wa kowa ya ji daɗi ba, sai dai ya ɗinka wa Auta rigar aiki mai aljihu uku.

A mako na uku bakin ganyen ya fara ƙonewa. Ya ce ƙishirwa ce, ya roƙi Auta ta ƙara. Ta ƙara. A na biyar Inna ta fara share ganye safe da yamma, ƙasar gindin ta yi wani fari-fari kamar an barbaɗa gishiri.

Ya je bakin titi ya ɗauko tsohon da ke sayar da dashe. Tsohon ya tsuguna, ya tona da yatsa, ya kai hanci. Ya kakkaɓe hannu, ya dubi Tela.

"Wa ke gyaran gashi a gidan nan?"

"Ƙanwata."

"To ka ji. Man nan ne da suke miƙar da gashi da shi. Idan ya daɗe a kai fata yake ƙonawa. Kai a ganinka saiwa ta fi fatar kai tauri?"

Tela ya tsuguna kusa da shi. "Baba, me za a yi?"

"Ruwa mai kyau, mai yawa. Duro guda kullum, ya wanke ƙasar ya sauka da abin. Ko da haka ban yi maka alkawari ba, ɗana. Ta sha da yawa."

Kwana biyar ke nan famfo bai ko yi tari ba. Rabin duro ya rage a gidan, shi ne na sha, shi ne na girki. Tela ya raka tsohon ƙofa, ya dawo ya buɗe famfon, ya rufe, ya sake buɗewa. Iska ce ta fito.

"Na ji abin da ya ce," in ji Inna, ba ta ɗago daga tsintsiya ba. "Duk ruwan ɗauraya ka ce mata. Duk ɗin ta kawo."

Tela ya rufe famfon.

Can sai ga Auta ta fito, ta rungumo bokitin da hannu biyu, ruwan yana fantsalar mata a sabuwar riga.

"Yau mutum huɗu na yi wa, Yaya. Ko ɗigo ban zubar ba. Me tsohon ya ce?"

"Ya ce a ba ta hutu."

"Hutu kuma? Ita ma ma'aikaciya ce?"

Ya karɓi bokitin. Sai da ya ji ta koma ɗaki ta kunna abin busar da gashi sannan ya tuttular da shi a rariya, a hankali, don kada ta ji ƙara. Ya ɗauko ruwan wankansa, rabin bokiti, ya zuba a gindin bishiyar. Kafin ya miƙe ƙasa ta shanye.

Inna ta naɗe tabarmarta. Ta ɗaga kai ta dubi rassan, rana na ratsowa ta tsakaninsu tana sauka a fuskarta. Ta ja tabarmar zuwa inuwar bango.