Murjani Ja Ne

Nuraddeen ne ya shawo kan masunta. Bai so ba, amma a ma'aikatan kamfanin dashen murjani shi kaɗai ke da kawu a cikinsu, shi aka tura. Ya ce musu za a killace sha'ab, dutsen ƙarƙashin ruwan da suke kama kifin najil a kansa, har dashe ya kama. Kifi zai dawo ya fi da. Wanda kuwa ya tsallake gangunan da aka kewaye wurin da su, masu tsaron gaɓa za su ƙwace jirginsa.

Kawu Othman ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyaɗa kai. Sauran suka bi.

Zafi ya shigo. Ruwan teku ya koma kamar na wankan jego. Kullum Nuraddeen yana nutsewa ya goge rassan murjanin da suka ɗaure a jikin ƙarafa, yana ganin farin launi na cin su daga baki zuwa gindi. Mish'al, shugaban aikinsu, shi ma ya gani.

"Kwamiti zai zauna," ya ce.

"Yaushe?"

"In sha Allah. Yalla, koma ƙasa."

Can Kawu ya aiko: a nuna musu abin da ya hana su cin abinci. Ɓallar reshe laifi ne a wurin aiki. Nuraddeen ya ɓalla. Ya zaɓi wanda farinsa ya fi sauƙi, ya sa a bokiti da ruwan teku.

Bayan sallar Juma'a suka taru a gidan kakarsa a unguwar Hindawiyya, masunta a kan darduma, shayi na zagawa. Ya ajiye bokitin a tsakiya. Suka leƙa.

Tsohuwa Latifatu, kakar tasa, ta ji an ambaci murjani, ta fito tana dafa bango.

"Ya waladi, ɗan nan, ashe da gaske shuka shi kuke yi? Kawo in gani."

"Sitti, ba irin naki ba ne."

Ta riga ta tsoma hannu. Ta ɗago shi kusa da ido, ta shinshina, ta yamutsa fuska. Sai ta zaro abin wuyanta daga cikin riga, jajayen duwatsun da uwarta ta zo da su aikin hajji ba ta koma ba.

"Ga murjani. Murjani ja ne. Wannan ƙashi ne. Ƙashin wa ka kawo mini gida?"

Na'ibi, abokin jirgin Kawu, ya tuntsire da dariya. "Wallahi Hajiya ta fi kwamiti sauri."

"Iri biyu ne," in ji Nuraddeen. "Wannan na dutse ne. Ba ya yin ja. In yana da rai ruwan ƙasa yake, ba fari haka ba."

Dariyar ta ɗauke.

"In yana da rai," Kawu ya maimaita a hankali.

"Ya khali, kawuna, ba duka ba ne. Na ƙasa-ƙasa suna nan."

"Ka gani tun yaushe?"

Nuraddeen ya sunkuyar da kai.

Kawu ya kife kofin shayinsa a faranti. "Halas. Shi ke nan."

Washegari da hantsi shi da Mish'al suna cikin jirgin kamfani, teku shiru, ko iska babu. Nuraddeen ya hango shuɗin jirgin Kawu cikin gangunan. Bayansa wasu na tahowa, a jere, ba gaggawa.

Ya miƙe yana ɗaga hannu. "Kawu! Ka koma!"

Kawu ya dube shi, duban da ya yi masa ranar farko. Ya ɗauki anga, ƙarfen tsayar da jirgi. Daidai nan ne ƙarafan da suka fi zurfi suke, rassan da fari bai kai ba tukuna. Nuraddeen ne ya ɗaure su da hannunsa.

Mish'al ya miƙo masa rediyon oba-oba. "Ka san mai jirgin?"

Anga ta faɗa ruwa. Igiya ta yi ta gudu, ta tsaya cak.

Nuraddeen ya danna. Muryar masu tsaron gaɓa ta amsa. Da Larabci ya faɗi sunan kawun nasa, don da Hausa ba zai fito ba.