Masarar da ke Ƙarƙashin Wake

Kwana uku da janyewar ambaliya, Baba Sammako ya koma gona. Ba a banza aka laƙaba masa sunan ba, mutum ne da zama ke sa shi ciwon baya. Ruwa ya kwantar da masararsa kakaf, ya binne ta da laka fiye da taƙi guda. Maƙwabta suka ce ya dakata, gwamnati za ta turo a duba ɓarna a ba da tallafi. Ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, ya bi kan lakar ya shuka wake.

Sai bayan mako biyar malamin gona ya iso da littafinsa. Gonakin maƙwabta na nan yadda ruwa ya bar su, ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo ta Baba Sammako, sai ga ta kore shar.

"Baba, ai kai ruwa bai taɓa ka ba," in ji malamin.

"Bai taɓa ni ba? Ɗana, a nan inda kake tsaye har ƙirji ya kawo mini!"

"Yi haƙuri, Baba. Abin da ido ya gani nake rubutawa."

Maƙwabcinsa, wanda tun ambaliyar bai ɗaga ko tsinke ba, ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka ga amfanin hutu ko?"

Abin ya yi wa tsohon ciwo ƙwarai. Ɗan waken nan ba zai riƙe gida har baɗi ba. In sunansa bai shiga littafin ba, sai dai ya kai sansa na huɗa kasuwa, wanda ya rena tun yana maraƙi. Wai yau ƙwazonsa ne zai raba shi da shi.

Matarsa, wadda ta kawo masa ruwan sha, ta ajiye kwano ta miƙa masa fartanya. "Maigida, mutumin nan ido ya ce. To, nuna masa mana."

Baba Sammako ya dube ta, ya dubi ƙasa. Ya shiga tsakiyar gona inda waken ya fi kyau, ya tuge shi, ya kama haƙa. Tun kafin a ga komai wari ya tashi. Ya zura hannu ya zaro karan masara, baƙi ƙirin, da goyonsa biyu a ruɓe.

Malamin ya toshe hanci. "Wuri ɗaya ne fa, Baba."

"Zaɓi inda ka ga dama, ɗana. Gonar ce a gabanka."

Malamin ya nuna gabas, aka haƙa, masara. Ya nuna bakin iyaka, masara. A rami na huɗu malamin ya ɗaga hannu yana tari, ya ce don Allah ya isa. Ya buɗe littafi a kan gwiwarsa ya rubuta sunan Baba Sammako, ya ƙara da cewa gonar duka ta tafi.

"Kai kuma," in ji matar ga maƙwabcin, "in waken ya nuna ka aiko a sam maka."

Da suka kama hanyar gida, tsohon bai bi su ba. Ya durƙusa ya mayar da waken da ya tuge, ya danna ƙasa a gindinsa. Da ya isa gida bai ko wanke hannu ba, ya wuce turke, ya dafa tozon san da lakar da komai.

"Ci abincinka," ya ce. "Ba inda za ka."