Kalmomi Huɗu na Don Eulogio

Rowar bayani ma rowa ce. Akwai mutumin da zai tuɓe rigarsa ya ba ka, amma in ka ce ya fayyace maka abu sai ya ce, "Ai kowa ya sani." Irinsa ne Don Eulogio Angulo, shugaban masuntan unguwarmu a Tumaco, garin bakin teku.

Ranar Alhamis 'yarsa Yurani ta tare shi a rumfar kifi da kwamfutarta. Ita ce ta kawo wa ƙungiyar masuntan ɗan aiken na'ura, wato manhajar kwamfuta mai amsa saƙonnin masu sayen kifi. Ɗan aiken yana da kayan aikinsa, wannan na duba kifin da ya rage, wancan na tura jirgi. Kowanne da rubutaccen bayanin amfaninsa, kuma abin da aka rubuta kaɗai ya sani. Yurani ce ke duba bayanan ta ba su maki.

"Baba, naka na tura jirgi ya ci biyu cikin goma."

"Biyu? Shekara arba'in ina kan ruwan nan!"

"Ba shekarunka na auna ba. Ka rubuta, 'Tura jirgi da kifi.' Shi ke nan. Yaushe za a tura? Yaushe ba za a tura ba?"

"Sai ruwan teku ya cika mana. Ko kaguwa ta san wannan."

"Kaguwa a nan aka haife ta, Baba. Shi ɗan aiken baƙo ne. Na karanta wa Fabián, na ce in an ce masa ya tashi ƙarfe sha biyu fa? Ya ce sai ya tafi sha biyu."

Fabián mijinta ne, ɗan Pasto, can saman duwatsu. Wata uku ke nan da ya fara koyon tuƙa jirgin.

"Mijinki ai dankali ya sani," in ji tsohon. Ya shafa kanta. "Bar min kalmomina, 'yar baba. Doguwar magana ta lauyoyi ce."

Ta bari, don shi ne shugaba, kuma ubanta ne. Amma wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Ranar Asabar ake ɗaurin auren 'yar amininsa Nemesio a tsibiri, kuma Don Eulogio ya ɗau alkawarin kifin walima, kwando uku. Ya tsara jirgi ya tashi ƙarfe takwas ruwa na cike, shi kuma ya wuce asibiti a duba masa ido, zai bi su da yamma. Da sassafe matar Nemesio ta aiko da saƙo cewa ba ta da ƙanƙarar ajiya, a kawo kifin da ƙarfe sha biyu. Ɗan aiken ya duba bayaninsa, bai ga abin da ya hana ba. Ya amsa mata da ladabi, ya sanar da Fabián sabon lokaci.

Sha biyu da kwata, ruwan teku ya riga ya janye, jirgi ya zauna daram a kan laka, a tsakiyar mashigi. Fabián ya ƙara wuta, farfela ta daki kututture ta karye. Ya diro zai tura, laka ta haɗiye shi har cinya, ta riƙe takalminsa guda. Rana kuwa ta buɗe ido a kan kwandunan.

Wayar Don Eulogio ta yi ƙara yana fitowa daga asibiti da auduga a ido ɗaya.

"Aminin banza!" Nemesio ne. "Mutum tamanin na cin shinkafar kwakwa gaya! Ko kifin naka da ƙafa yake tahowa?"

Sai gab da faɗuwar rana ruwa ya dawo aka jawo jirgin. Fabián ya sauko kansa a sunkuye, sauro ya kumbura masa fuska.

"Ka yafe min, Baba."

Tsohon ya dube shi da idonsa ɗaya mai gani. Ya cire takalmansa ya miƙa masa.

"Sa. Kai abin da aka faɗa maka ka yi."

Washegari bayan coci ya jawo kujera kusa da Yurani.

"Rubuta. Kada a tura jirgi tsibiri sai an duba jadawalin ruwa, awa biyu kafin cika ko biyu bayanta. In mai saye ya sauya lokaci, a tambayi mutum tukuna. In ana iskar kudu..."

Ya yi ta zuba har shafi ya cika. Ta kira Fabián ta karanta masa, ta ce in an ce masa sha biyu fa? Ya ce sai ya duba ruwa.

"Nawa na ci?" in ji tsohon.

"Takwas."

"Ina sauran biyun?"

"Ka ce iskar kudu, ba ka faɗi yadda baƙo zai gane ta ba."

Ya buɗe baki zai ce kowa ya sani, sai ya rufe.

Kalmomi huɗun nan sun ci masa kwando uku na kifi, farfela ɗaya, takalman ƙafarsa, da rawa da amarya wadda ya yi wata guda yana gwadawa a tsakar gida. Nemesio kuwa har yau in sun haɗu sai ya tambaye shi ko kifin ya kusa isowa.