Kwalin Bawul

Motar tana tsakar gidanmu tun kafin a haifi Dogo, babban ɗana. Tsohuwar babbar mota ce mai dogon hanci, wadda mahaifina ya yi dakon yashi da ita har ƙarfinsa ya ƙare. Lokacin da ya shigo da ita ta ƙofar baya, lungun yana da faɗi. Daga baya maƙwabta suka yi gini, lungun ya matse, babu motar da za ta iya shigowa ta ja ta. In za ta fita, sai dai ta fita da kanta. Ita ta cinye mana rabin gida. A jikinta ake shanya, sai mutum ya karkace yake wucewa banɗaki.

Da Dogo ya ce zai bi abokansa haƙar zinariya, hankalina ya tashi. Ɗan maƙwabcinmu ya tafi irin wannan tafiyar, rami ya rufta da shi, rigarsa kawai aka kawo wa uwarsa. Na yi faɗa, na yi lallashi.

"To Baba, in zauna in yi me?" in ji shi. Sai ya nuna motar da haɓa. "In wannan ta tashi kafin su tafi, na fasa. In ja ta in yi dakon yashi."

Ni direba ne, ba bakanike ba, amma na san inji daidai gwargwado. Muka sauke kan injin, na zare bawul goma sha biyu. Bawul kamar babbar ƙusa yake mai faffaɗan kai, shi ke buɗewa iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Kowanne ya shekara da shekaru yana bugun kujerarsa, sun cinye juna har sun zauna daidai. In ka sauya masa rami, iska za ta riƙa zurarewa, inji ba zai yi ƙarfi ba. Don haka na samu kwali na huda shi, na soke kowanne a jere yadda na cire shi, na jingina a ƙarƙashin motar.

Guda ɗaya ya ƙone, bakinsa ya gutsure. Na sa shi a aljihu na shiga gari. Masu sayar da kayan gyara suka riƙa miƙa wa juna shi suna dariya.

"Malam, wannan ai sa'an kakana ne. Ka kai shi gidan tarihi."

Na bi shaguna har takalmina ya tsinke. A ƙarshe wani mai gwangwan ya kai ni bayan tulin ƙarafansa, ya nuna mini wani inji irin namu, kaza ta yi ƙwai a cikinsa. Muka kore ta, muka zaro bawul ɗaya mai lafiya. Ya ɗan fi nawa tsawo, mai injin sassaƙa ƙarfe ya rage mini shi. Na nufo gida ina shafa aljihu kamar mai ɗauke da jariri.

Ina shiga na tarar da Inna, mahaifiyata, zaune a tabarma da roba a gabanta. A cikin robar bawul ne, sun haɗu wuri ɗaya, suna ƙyalli.

"Ka ga na taya ku aiki," in ji ta. "Duk baƙin nan na cuɗe shi da toka. Yaushe mota za ta tashi da wannan dauɗa?"

"Inna, ina kwalin?"

"Wane kwali? Wannan mai huji-huji? Na hura gawayi da shi."

Na tsaya. Tafin hannunta duk ya yi ja saboda cuɗa, ga ta da ciwon gwiwa, amma ta rarrafa ƙarƙashin mota don kada jikanta ya tafi. Da wane baki zan yi mata faɗa? Na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Dogo ya fito ya leƙa robar. Ya yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

"Tsohuwa, kin raba aure goma sha ɗaya a yini guda."

"Tafi can, maigidan banza," in ji ta. "Kai da za ka gudu ka bar ni, har kana da bakin maganar aure?"



Abin da ya rage shi ne a niƙa kowanne daga farko. Sai mu gwada bawul a rami bayan rami, wani ya yi lako-lako, wani ya ƙi shiga, har mu samu inda ya fi zama. Sannan a shafa masa man niƙa mai tsakuwa-tsakuwa, a manna sanda mai roba a kansa, a yi ta murzawa tsakanin tafin hannu. In an gama a mayar da sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai riƙe bawul a rufe, a zuba kalanzir a ramin. In ya tsaya, bawul ya zauna. In ya tsattsafo, a sake.

Ya yi ta tsattsafowa.

Hannuna ya yi kanta, kantar ta fashe. Tsakanin bango da motar wurin bai fi na tsugunno ba, nan nake yini, ƙafata ta yi tsami. Uwar Dogo ta daina yi mini maganar abinci, sai dai ta ajiye kwano a kan taya ta wuce. Dogo yana murzawa tare da ni, ba ya ƙorafi, amma ya riga ya haɗa jakarsa. A madubin motar ya rataye ta. Duk sanda na ɗaga kai, ita nake gani.

Da safiyar tafiyar, bawul bakwai ne suka zauna. Muna kan na takwas muka ji hon ɗin babur a bakin lungu. Abokinsa ne, wanda suke kira Gajere.

"Dogo! Mota ta kusa cika, kai kaɗai ake jira!"

Dogo ya ajiye sandar, ya goge hannu a wando. Na so in ce masa saura kaɗan, amma ya san lissafin kamar yadda na sani. Inna ta fito ta dafa ƙofar ɗakinta. Ya dube ta, ya dubi hannuna. Sai ya ɗauki kwalbar kalanzir ya tsiyaya a ramin da muke kai. Muka zuba ido. Bai tsattsafo ba.

Ya karkace ya wuce ta gefen motar zuwa lungu. Ina jin su.

"Ku je. Ai ka ce akwai waɗanda za su biyo baya in ruwan damina ya ɗauke."

"Kai dai ka cika tsoro, ɗan Baba."

"Na ji. In ba ta tashi ba, ina cikinsu."

Babur ya tafi. Dogo ya dawo ya tsuguna a wurinsa.

"Baba, miƙo na tara."

Na miƙa masa. Na ce ko zai kai jakar ɗaki, kada mai ya ɓata ta.

"Bar ta nan," in ji shi, ya ci gaba da murzawa.

Da sassafe na ga hadari ya taso, ga shi har rana ta take bai zubar da komai ba. Damina ta fara ja da baya.