Dalma a Aljihu

Ran Talata, tara ga Oktoba, sabon tulun iska ya iso shagon kayan nutso na Nagumo Harue, daga ranar kuma Kuwabara Shigeo ya rasa uzurinsa.

Shekara huɗu ke nan bai shiga teku ba. Ƙa'idar ƙungiyarsu ta masu nutso a gaɓar Izu ɗaya ce: wanda ba zai iya saɓa kayansa ya sauka matakalar dutse da ƙafarsa ba, ya zauna a gida. Tulu, rigar iska mai ɗaga mutum a ruwa, ɗamarar dalma mai nutsar da shi, sun kusa kilo talatin. Yana da shekara saba'in da ɗaya, gwiwoyinsa sun ajiye aiki. Sai ya koma zaman shago, yana shan shayin Harue. Shekara arba'in ya yi yana gyaran kurakurai a gidan ɗab'i, yanzu kyauta yake yi wa jama'a.

"Kuwabara-san, ɗaga ka ji," in ji Harue.

Ya ɗaga tulun, ya ajiye, ya sake ɗagawa.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan fa! Ba riga, ba dalma. In kana son nauyi, ka danna nan, famfo ya zuƙo ruwan teku cikin tulun. Teku ce za ta ara maka nauyin, in ka fito ka mayar mata da abinta."

"Na karanta irin wannan alkawarin a littattafai da yawa. Duk a babi na uku ake jana'iza."

"To, matsoraci, zauna ka yi gadin buta," in ji Isogai, tsohon abokin nutsonsa, yana dariya.

Harue ta ba shi darasi kwana biyu. Ran Lahadi ya sauka matakala sittin da huɗu da kayansa a baya, ko bango bai dafa ba. Zuciyarsa na tsalle, shi kuwa ya murtuke fuska don kada a gani. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ya zura dunƙulen dalma biyu a aljihun cinyarsa. Wanda ya shekara talatin yana nutso bai yarda ruwa zai karɓe shi haka kawai ba.

Suka shiga ruwa, shi da Harue da Isogai. Ya danna maɓallin, famfo ya yi gurnani, sai ga Kuwabara ya wuce su ya yi ƙasa kamar turmi. Hannunsa na hagu ya tafi kafaɗa neman tiyon rigar iska, babu tiyo. Ya dira da gwiwa a kan yashi, ƙura ta turnuƙe, kifaye suka watse.

Harue ta sauko ta tsaya a gabansa. In ta nuna masa sama da yatsa, shi ke nan, shago har abada. Ta duba tulun, ta duba famfon, sannan ta laluba cinyarsa. Ta zaro dalma ɗaya, ta zaro ta biyu, ta jefa su a jakarta. A ɗan allonta ta rubuta: "Ba ka da kunya."

Ya ji gwiwoyinsa sun rabu da yashi. Bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba. Ya ja numfashi, ya tashi kamu ɗaya, ya saki, ya dawo. Babu abin da ke danne masa ƙugu, babu abin da ke shaƙe masa ƙirji. Ya miƙe, ya wuntsila, ya sake wuntsilawa, kai ƙasa ƙafa sama, tsoho da shi! Garken ƙananan kifaye masu ruwan azurfa ya ratsa ta gefensa. Dariya ta kuɓuce masa har ruwa ya shiga tabaransa.

"Wa na gani yana alkafura?" in ji Isogai da suka fito. "Malam mai babi na uku!"

"Kuskuren ɗab'i ne. Gobe ƙarfe nawa?"

Suka yi gaba suna ihu, shi ya tsaya a tsakiyar matakala. A daidai nan matarsa Tomie ta taɓa ajiye ɗamararta, shekara tara da suka wuce, ta ce bayanta ba zai ƙara ɗauka ba. Ya ce mata kowa ma ɗauka yake yi, ya wuce. Ba ta sake shiga ruwa ba har ta rasu. Bai taɓa gaya mata cewa shi ma kayan sun yi masa nauyi a ranar ba.